DARASIN KASUWANCI: Sayen Giyar Aksil da Sauya Ta ga Masu Motocin Daji na Kasuwar Shanu ta Potiskum

Duk ranar Laraba, tun kafin hantsi ya dubi ludayi, kasuwar shanu ta Potiskum a Jihar Yobe takan cika ta batse da fatake, da dillalai, da 'yan lodi, da direbobi. Ana lissafa ta cikin mafi girman kasuwannin dabbobi a Afirka ta Yamma, kuma shanu kan zo mata daga Borno da Yobe da Jigawa, har da Jamhuriyar Nijar da Chadi da Kamaru. Daga nan ne tireloli ke kwasar su zuwa Legas da Ibadan da Fatakwal da Inugu, tafiyar da wata takan haura kilomita 1,000.

Kafin dabba ta kai ga tirela, sau da yawa ƙaramar mota ce ke ɗauko ta daga ruga ko daga kasuwar ƙauye, wato akori-kura mai jan ƙafa huɗu irin su Toyota Land Cruiser da Hilux, waɗanda direbobi ke kira fowil. Su ne ke ratsa rairayin Yusufari da Yunusari da Gaidam da rani, su kuma kutsa taɓon ƙasar Fika da Ngalda da damina. Idan irin wannan mota ta tsaya a daji ranar Talata da dabbobi a bayanta, mai ita ya rasa kasuwar Laraba, dabbobin sun rame, ga kuɗin janwe, ga na gyara. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo wannan tsayawa, wanda kuma ya fi cin kuɗi bayan inji da giyabos, shi ne giyar aksil.

Darasinmu na yau a kan sayen wannan giya ne da sauya ta. Jigon darasin kuwa abu ne da kowane ɗan kara ya riga ya sani. Babu falken da zai sayi sa bai buɗe bakinsa ya dubi haƙoransa ba. To, haka ma giyar aksil, da ƙirga haƙora ake sayen ta.

Mece ce giyar aksil?

Idan mutum ya leƙa ƙarƙashin mota ta baya, zai ga doguwar sandar ƙarfe ta taso daga giyabos, ita ce farfela. Tana ƙarewa ne a wani ƙoƙo mai kama da tulu a tsakiyar aksil, wanda makanikai ke haɗawa gaba ɗaya su kira bakaksil. A cikin ƙoƙon nan akwai abubuwa uku da ya kamata mai mota ya sani.

Na farko shi ne finiyon, ƙaramar giya mai kamar kan taɓarya, wadda farfela ke juyawa. Na biyu shi ne kuranwil, babbar giya mai zagaye kamar faifai, wadda finiyon ke cizo yana juyawa. Waɗannan biyun su ne ke karya juyin da ya taho a miƙe ya koma gefe zuwa tayoyi, kuma su ne ke rage saurinsa su ƙara masa ƙarfi. Na uku su ne ƙananan giyoyin da ke cikin cikin kuranwil, waɗanda ake kira difiranshal. Aikinsu shi ne barin tayar waje ta fi ta ciki gudu idan mota na shan kwana, domin hanyar da ta waje ke bi ta fi tsawo. Wani Bafaranshe mai gyaran agogo, Onésiphore Pecqueur, shi ne ya yi rajistar wannan dabara domin abin hawa kusan shekara 200 da suka wuce, kuma har yau a kanta ake.

Motar fowil tana da irin wannan ƙoƙo guda biyu, ɗaya a baya, ɗaya a gaba. A riƙe wannan, domin a nan ne asarar da yawa ke samo asali.

Lambar juyi da yadda ake gano ta

Kowane kuranwil da finiyonsa suna da lamba, wadda za mu kira lambar juyi. Ana samun ta ne ta hanyar raba yawan haƙoran kuranwil da yawan haƙoran finiyon. Alal misali, kuranwil mai haƙori 41 da finiyon mai haƙori 10 lambarsu 4.10. Ma'anarta ita ce sai farfela ta juya sau 4 da ɗigo 1 kafin taya ta juya sau 1. Ga waɗanda aka fi cin karo da su a ƙananan motocin daji:

Haƙori 41 da 11 suna ba da 3.73.
Haƙori 43 da 11 suna ba da 3.91.
Haƙori 41 da 10 suna ba da 4.10.
Haƙori 37 da 9 suna ba da 4.11.
Haƙori 43 da 10 suna ba da 4.30.
Haƙori 41 da 9 suna ba da 4.56.
Haƙori 39 da 8 suna ba da 4.88.
Haƙori 37 da 7 suna ba da 5.29.

Mai karatu zai lura cewa kuranwil mai haƙori 41 ya fito har sau 3 a jerin nan, da lambobi daban-daban. Saboda haka wanda ya ƙirga haƙoran kuranwil kaɗai bai gama aiki ba, sai ya haɗa da na finiyon.

Ana iya gano lambar ko ba a kwance komai ba. A tsayar da mota a daidaitaccen wuri, a tokare sauran tayoyin da duwatsu, a saki birkin hannu, a sa giya a firi, sannan a ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, a kuma sa kututture a ƙarƙashin aksil don kada a dogara da jak kaɗai. A yi alama da alli a jikin tayar, a yi wata a jikin farfela. Mutum ɗaya ya juya tayar sau 20 cif, ɗayan yana ƙirga juyin farfela. Abin da aka samu a raba shi da 10. In farfela ta juya sau 41, lambar 4.10 ce, in sau 43 ne, 4.30 ce, in sau 45 da rabi ne, 4.56 ce; in ta kusa 49, to 4.88 ce. Idan tayar ta ƙi juyawa ita kaɗai, alama ce cewa aksil ɗin mai riƙe tayoyi biyu ne. Sai a ɗaga tayoyin duka biyu, a juya su tare sau 10, a raba da 10.

Gaskiya ne motocin Toyota suna zuwa da farantin ƙarfe ko takarda a jikin ƙofa ko cikin bonet mai ɗauke da alamar aksil. Amma wannan alama tana faɗin abin da motar ta fito da shi daga masana'anta ne. Motar da ta yi shekara 20 tana aiki, ta bi ta hannun mutum huɗu ko biyar, Allah kaɗai ya san aksil nawa aka sauya mata. Alli da ƙirga sun fi farantin gaskiya.

Wace lamba ta dace da aikinka?

Ƙa'idar a taƙaice take. Babbar lamba, kamar 4.88, tana ƙara ƙarfin ja, tana rage gudu. Ƙaramar lamba, kamar 3.73, tana ƙara gudu a kan kwalta, tana rage ƙarfin tashi da kaya. Babu wadda ta haɗa duka biyun, sai mai mota ya zaɓi wadda ta yi daidai da hanyar da yake ci da ita.

Bari mu yi lissafi. Tayar nan mai lamba 7.50R16 da yawancin Land Cruiser akori-kura ke sawa, tsayinta ya kai kimanin santimita 81, wato kowane juyi ɗaya tana cin ƙasa kimanin mita 2 da rabi. A gudun kilomita 80 cikin awa, tayar na juyawa kimanin sau 524 a minti. A giya ta 4, inda a yawancin waɗannan motoci juyin inji da na farfela suke daidai, mota mai 4.10 injinta zai riƙa juyawa kimanin sau 2,150 a minti. Idan aka sauya mata zuwa 4.88, injin zai koma kimanin 2,560 a wannan gudun. Wato an samu ƙarin ƙarfin ja na kashi 19 cikin 100 a kowace giya, an kuma ƙara wa injin juyi na kashi 19 cikin 100 a kowace kilomita. Sauyi daga 4.10 zuwa 4.56 kuwa kashi 11 cikin 100 ne.

Motar da yawancin aikinta tsakanin Potiskum da Damaturu ne, ko Potiskum da Azare, a kan kwalta, ba ta bukatar babbar lamba. Za ta riƙa ƙara ne kawai tana shan mai. Amma motar da kullum take cikin yashi da bijimai 3 a bayanta, kowanne yana kai kilo 300 ko fiye, ƙaramar lamba za ta sa direba ya riƙa tashi da rabin kuloci, injin yana zafi, farantin kuloci yana ƙonewa duk bayan 'yan watanni. A irin wannan hali, ƙarin lamba yakan rage wahalar inji, wani lokaci ma ya rage shan mai, domin motar na tafiya a giya ta 2 ko ta 3 a inda da sai ta 1.

Akwai iyaka. Gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙanƙantar finiyon. Finiyon na 5.29 haƙori 7 kawai gare shi, kuma a kansu nauyin motar da kayanta ke sauka. Wanda ya sa shi don ya riƙa ɗora wa motar tan ɗaya kayan tan biyu, ya sani cewa giya ba ta ƙara wa sifirin da birki da boris ƙarfi ko kaɗan.

Batun manyan tayoyi

Masu motocin daji da yawa sukan sa tayar da ta fi ta asali girma don cikin motar ya tashi daga ƙasa. Dabara ce mai amfani a rairayi, sai dai tana rage ƙarfin ja daidai da yadda ƙaramar lamba ke yi. Shi ya sa za ka ji mai mota yana cewa tun da ya sauya taya motarsa ta mutu, har ya fara zargin inji, alhali injin lafiyarsa lau.

Hanyar mayar da ƙarfin ita ce a ninka tsohuwar lambar juyi da tsayin sabuwar taya, a raba da tsayin tsohuwar. Motar da ta zo da 4.10 da taya mai inci 29, aka sa mata mai inci 33, lissafinta zai ba da 4.67. Tun da babu giya mai wannan lamba, sai a zaɓi ta kusa: 4.56 ga mai haɗa kwalta da daji, 4.88 ga wanda daji ne gidansa. Har wa yau, a motocin da agogon gudu ke karantawa daga giyabos, sauyin lamba ko na taya yana sa agogon da ma'aunin kilomita su riƙa ƙarya. Mai motar da ke lissafin mai da ladan direba bisa kilomita ya kula da wannan.

Gaba da baya dole su zama ɗaya

Wannan shi ne babin da ya fi kowanne muhimmanci. Idan aka sa fowil, farfelar gaba da ta baya suna juyawa da sauri ɗaya, babu mai wuce wata. To, a ɗauka baya na da 4.10, aka sayo na gaba mai 4.56 aka ɗaura. Duk lokacin da farfela ta juya sau 41, tayoyin baya za su juya sau 10, na gaba kuwa sau 9 kawai. Wato a cikin kowace mita 25, baya na neman ya wuce gaba da mita 2 da rabi. A cikin yashi tayoyin za su riƙa zamewa, direba ba zai ji komai ba, sai dai mai yana ƙonewa, taya tana cinyewa. Ranar da ya hau busasshiyar ƙasa mai tauri ko kwalta da fowil a sanye, ƙarfin nan ba shi da wurin fita, sai ya karya abin da ya fi rauni: haƙorin finiyon, ko sandar aksil, ko akwatin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya. A motocin da ƙafafu huɗu ke ja a kowane lokaci kuwa, ɓarnar tana farawa ne tun ranar da aka ɗaura.

Bambanci kaɗan irin na 4.10 da 4.11 ba ya cutarwa, domin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Abin da ya wuce haka a guje shi. Ma'anar wannan ga aljihu ita ce, duk wanda ya yi niyyar sauya lambar juyi a motar fowil, ya yi kasafin aksil biyu tun farko. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya nemi irin lambar da ke ɗaya aksil ɗin ya mayar.

Masu tsofaffin Land Rover su ma su yi hattara. Tsohon samfurin da ake kira Series ya zo da 4.7, Defender kuwa da 3.54, kuma a yawancinsu ƙoƙon ɗaya yana shiga gurbin ɗaya, kusoshi su zauna daram. Shigar ƙarfe gurbi ba shaidar dacewa ba ce.

Saye: sabo, na Beljiyam, ko na gida

Kayan gyara iri uku ne a kasuwa. Akwai sabo a kwali, na kamfanin motar ko na wasu kamfanoni masu kwaikwayo. Akwai na hannu da aka shigo da shi daga waje, wanda ake kira na Beljiyam ko tokumbo. Akwai kuma wanda aka kwance daga motar da ta yi aiki a nan gida. Manyan wuraren saye sun haɗa da Ƙofar Ruwa a Kano, da Fanteka a Kaduna, da Ladipo a Legas, da kasuwar Nkwo a Nnewi, baya ga shagunan cikin Potiskum. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na shekarar da aka janye tallafin fetur, wato 2023, farashin duk wani abin da ake shigowa da shi ya tashi, kuma kuskuren saye ya ƙara tsada.

Mafi yawan cinikin yanzu ta waya ake yi: a aika kuɗi, a ɗoro kaya a motar haya. Wannan cinikin biri a sama ne, sai fa in an bi waɗannan sharuɗɗa.

1. A sayi kuranwil da finiyon tare. A masana'anta ake goga su da juna har su saba, kuma akan buga musu lambar shaida iri ɗaya. Sabon finiyon a kan tsohon kuranwil, ko da haƙoran sun yi daidai, zai yi kuka kuma ba zai daɗe ba.

2. A ƙirga haƙoran duka biyun da hannu, ana yin alama da alli a haƙorin farko. In ta waya ne, mai sayarwa ya ɗauki hoton bidiyo yana ƙirgawa.

3. A auna faɗin kuranwil da yawan ramukan kusoshinsa. Hilux da Land Cruiser duka Toyota ne, amma kuranwil ɗin baya na Hilux na da inci 8 ne, na Land Cruiser kuwa inci 9 da rabi.

4. A ƙirga tsagogin da ke bakin sandar aksil da na wutsiyar finiyon. Samfuri ɗaya kan zo da tsagogi daban-daban gwargwadon shekara da girman inji.

5. A tabbatar na gaba ne ko na baya. A wasu motocin yankan haƙoran na gaba a juye yake, kuma ba sa musanyuwa.

6. A wanke haƙoran da kananzir a dube su a rana. Kyakkyawan haƙori sumul yake, da sheƙi a tsakiyarsa. A ƙi wanda ke da ƙananan ramuka kamar zanzana, ko gutsurarren baki, ko tsatsa mai zurfi, ko launin shuɗi, domin shuɗin alama ce ta ya taɓa gudu babu mai.

7. In ƙoƙon ne gaba ɗaya, a juya shi da hannu. Ya juya ba tare da cijewa ko gurnani ba, kuma kan finiyon kada ya yi rawa sama da ƙasa. A leƙa ƙananan giyoyin ciki a tabbatar ba a yi musu walda ba.

8. A rubuta lambar juyi da yawan haƙora a jikin rasit, tare da kwanakin da aka yarda za a iya mayar da kaya.

Ga mai mota ɗaya ko biyu, sau da yawa sayen ƙoƙon gaba ɗaya mai lafiya ya fi sayen kuranwil da finiyon zalla, domin saitin masana'anta yana nan ba a taɓa ba, kuma ɗaura shi aikin 'yan awoyi ne. Giya zalla ta fi araha a shago, amma sai an ƙara kuɗin boris da osil da ladan gwani.

Ɗaurawa: aikin awo ne

Kyakkyawar giya a hannun wanda bai iya saiti ba takan lalace cikin makonni. Abubuwa huɗu ake saitawa, kuma mai mota yana da haƙƙin ya tambayi makanikinsa yadda zai auna kowanne.

Na ɗaya, zurfin finiyon, wato iyakar yadda ya shiga cikin kuranwil. Da siraran wasoshi ake ƙara shi ko rage shi. Na biyu, matsin boris ɗin finiyon: in ya yi sako-sako finiyon zai yi rawa, in ya matse da yawa zai yi zafi ya ƙone. A aksil ɗin da ke da bututun nan da ke lotsewa idan an ɗaure noti, sabo ake sawa a kowane aiki. Na uku, 'yar tazarar da ake bari tsakanin haƙorin finiyon da na kuranwil. A aksil ɗin Toyota mai inci 8, tazarar tana tsakanin milimita 0.13 da 0.18, wato kaurin gashi biyu, abin da yatsa ba zai iya aunawa ba sai da agogon awo. Na huɗu, sawun cizo. Ana shafa wa 'yan haƙora fenti na musamman, a juya, a dubi inda ya goge. Sawun ya zauna a tsakiyar haƙori, a fuskokinsa biyu. In ya hau can baki ko ya gangara gindi, sai a sake kwancewa a gyara.

Daɗin daɗawa, a sa sababbin boris da osil, a ɗaure kusoshin kuranwil da sifana mai auna ƙarfi, a wanke cikin aksil tas, domin ɓarɓashin tsohuwar giya shi ne ke fara cin sabuwa. Makanikin da ya ce shi da kunne yake saiti, a yi masa godiya a nemi wani.

Game da walda kuwa, wasu kan liƙe ƙananan giyoyin ciki don tayoyin baya su riƙa ja tare a cikin taɓo. Lallai motar takan fita daga taɓo, amma a kan kwalta da kaya kowace kwana sai taya ɗaya ta ja ƙasa, sandar aksil tana murɗewa, motar tana ƙin bin sitiyari. Ga motar da ke ɗaukar dabbobi da mutane wannan ganganci ne. Wanda ke bukatar haka ya nemi aksil mai makullin da ake sawa a cire, kamar yadda wasu Land Cruiser ke zuwa da shi.

Bayan ɗaurawa

A zuba man giya mai alamar GL-5, kamar 80W-90, ko 85W-140 ga motar da ke jan nauyi cikin zafin bazara. Baƙin man inji ba ya wannan aiki, domin haƙoran kuranwil da finiyon gogar juna suke yi da matsi mai tsanani. Aksil mai riƙe tayoyi biyu yana da nasa man na musamman.

Sabuwar giya tana bukatar sabo. A kilomita 800 na farko a guji cikakken lodi da dogon gudu. A tafiyar farko a yi kamar minti 20 a tsaya ƙoƙon ya huce. Bayan kilomita 800 a zubar da man a sa sabo, a kuma dubi maganaɗisun da ke jikin kusar zubarwa: laushin ƙura baƙa ba komai ba ne, amma gutsattsarin ƙarfe gargaɗi ne. Saboda haka a tsara wannan aiki a lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Wanda ya bari sai ana saura mako biyu Babbar Salla, lokacin da raguna ke neman mota ido rufe, ba zai iya haƙurin kilomita 800 ba.

Da damina, duk motar da ta ratsa ruwa har ya rufe aksil a duba manta. Ƙoƙo mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙi ruwa ta ƙofar numfashinsa da ke sama. Man da ya koma kamar kunu ko madara a zubar da shi ranar. Ƙara wa ƙofar numfashin dogon tiyo a ɗaure shi can sama dabara ce mai araha.

Direba kuma ya koyi sauraro. Kuka siriri da ke zuwa idan an taka totur ko an sake shi yana nuna saitin haƙora ko boris ɗin finiyon. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu na boris ne. Ƙarar da ba ta zuwa sai a kwana ta ƙananan giyoyin ciki ce ko boris ɗin taya. Bugu guda ɗaya lokacin tashi yana iya zama kuros na farfela, wanda gyaransa ba shi da tsada. A fara duba shi kafin a buɗe aksil.

Ga masu tireloli

Potiskum gari ne na masu manyan motoci, kuma darasin ya shafe su. Kan tirela mai aksil biyu a baya dole lambar juyinsu ta zama ɗaya, in ba haka ba giyar da ke tsakaninsu za ta riƙa aiki ba hutu har ta ƙone. Makullin da ke haɗa aksil biyun kuma na taɓo ne da yashi, a cire shi da zarar an hau kwalta. Bugu da ƙari, yawancin kawunan DAF da MAN da Mercedes da ake shigowa da su na hannu daga Turai an ƙera su ne don shimfiɗaɗɗun hanyoyi, da lambar juyi da sau da yawa ba ta kai 3 ba. Akwai kuma masu ƙarin giya a cikin cibiyar taya, waɗanda aka yi don kwari da tudu da nauyi. A irin waɗannan, lambar kuranwil kaɗai ba ita ce cikakkiyar lamba ba, sai an ninka ta da ta cibiyar taya. Mai sayen kan tirela don jigilar shanu ya tambayi wannan kafin ya tambayi launin fenti.

Lissafin riba

Kafin a fitar da ko kwabo, mai mota ya zauna da littafinsa ya amsa tambayoyi huɗu. Cikin kowace kilomita 100 da motar ke yi, nawa ne daji, nawa ne kwalta? Sau nawa aka sauya kuloci a shekarar da ta wuce, kuma a kan nawa? Lita nawa take sha a zuwa da dawowa ɗaya a hanyar da ta saba? Laraba nawa ta rasa saboda lalacewa, kuma nawa take kawowa a kowace Laraba? Sannan ya haɗa kuɗin giyar gaba da ta baya, da boris, da osil, da mai sau biyu, da ladan makaniki, da kwanakin da motar za ta yi a gareji. In abin da za a tsira da shi a shekara ɗaya ya rufe wannan, sauyin ya halatta. In bai rufe ba, a mayar da lambar asali, a rage lodi, a koma tayar da motar ta zo da ita.

Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ga ɗan kasuwar Potiskum kuwa, Larabar ce ake shirya wa tun daga gareji. Abin da muke roƙon mai karatu ya fara yi a wannan mako shi ne ya nemi alli da jak, ya ƙirga juyin aksil ɗin gaba da na baya na kowace motarsa, ya rubuta lambobin a bangon littafin motar, ya kuma ba direba kofi ya ajiye a aljihun gaba. Ranar da giya ta karye a daji, wannan 'yar takarda ce za a karanta wa mai shago ta waya.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kuma kiyaye hanya.